Layi ɗaya a kundin DNS: me ya sa yake iya tsayar da babban kamfani cak?

A ranar 20 ga Oktoban 2025, manhajoji masu yawa a sassan duniya, ciki har da Snapchat da Signal da na wasu bankunan Birtaniya, suka daina aiki na tsawon sa'o'i. Da kamfanin Amazon, wanda dubban kamfanoni ke hayar kwamfutocinsa, ya fitar da bayanin abin da ya faru a cibiyarsa ta jihar Virginia a Amurka, sai aka ga babu gobara kuma babu kutse a lamarin. Wasu manhajoji biyu masu sarrafa kansu, waɗanda aikinsu shi ne sabunta bayanan DNS (tsarin da ke haɗa sunayen intanet da adiresoshinsu) na rumbun bayanan kamfanin mai suna DynamoDB, su ne suka yi karo da juna, aka wayi gari layin da ya kamata ya ƙunshi adireshin rumbun babu komai a cikinsa. Kwamfutocin suna nan a kunne, amma masu nemansu sun rasa kwatance.

Shekara huɗu kafin nan, a ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace kusan sa'a shida, da yawa daga cikinmu muka yi ta kashe waya muna kunnawa, muna ɗora wa kamfanin layi laifi, alhali nan ma DNS na tsakiyar labarin. To mene ne wannan DNS, me aka rubuta a cikin kundinsa, kuma ta yaya layi ɗaya tak yake riƙe da wasiƙun kamfani da shafinsa da ma shigar ma'aikatansa cikin kwamfutocinsu da safe?

Suna na mutum ne, lamba ta na'ura

Kwamfutoci ba sa gane juna da suna, da lamba suke gane juna, wato adireshin IP. A zamanin ARPANET, magabaciyar intanet, akwai fayil ɗaya mai suna HOSTS.TXT da wata cibiya a Cibiyar Bincike ta Stanford ke kula da shi a ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Feinler, kuma duk mai kwamfuta a kan hanyar sai ya riƙa sauko da sabon kwafinsa domin ya san sunan kowa da lambarsa. Da kwamfutoci suka yi yawa, fayil ɗaya a hannun ofis ɗaya ya kasa ɗaukar nauyin. A 1983 Paul Mockapetris ya tsara abin da ake kira DNS, wato tsarin sunayen intanet, aka sake tace ƙa'idojinsa a 1987, kuma waɗannan ƙa'idojin ne har yau ake gini a kansu.

Hikimar tsarin ita ce raba hurumi. Babu wanda ke riƙe da dukkan sunaye. Kowane mai suna, abin da ake kira domen, shi ke rubuta nasa kundin, kuma kowane layi a cikin kundin ana kiransa rikodi. Rikodi yana da suna, da nau'i, da wa'adi, da kuma amsar da zai bayar. Mutane kan kwatanta DNS da littafin lambobin waya, amma kwatancin ya gaza, domin littafin waya lamba kawai yake bayarwa, shi kuwa kundin DNS yana faɗin wanda zai karɓi wasiƙarka, da wanda aka yarje wa ya yi magana da sunanka, da wanda zai tantance ma'aikatanka.

Yadda tambaya ke tafiya har ta sami amsa

Baƙon da ya shigo masarauta yana neman wani gida ba ya tsammanin fada ta san kowane gida; fada za ta tura shi wajen hakimi, hakimi ya tura shi wajen dagaci, dagaci ya haɗa shi da mai unguwar da ya san ƙofar gidan. Haka DNS yake. Idan ka rubuta suna a wayarka, wayar tana miƙa tambayar ga wata saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, da za mu kira ɗan aike, wadda galibi ta kamfanin layinka ce, ko ta ofishinku, ko irin 8.8.8.8 ta Google da 1.1.1.1 ta Cloudflare. Ɗan aiken zai fara da sabobin tushe, waɗanda ke da sunaye 13 daga A zuwa M a hannun hukumomi 12, kodayake kowane suna yana da kwafi da yawa a warwatse a duniya. Tushe zai tura shi wajen masu kula da ƙarshen sunan, kamar .com, ko .ng na Najeriya da ƙungiyar NiRA ke kula da shi, ko .ne na Nijar. Su kuma su tura shi wajen sabar da ke da hurumin wannan domen ɗin, wadda ita ce ke riƙe da kundin na ainihi.

Ɗan aike ba ya maimaita wannan tafiyar kowane lokaci. Yana ajiye amsar da ya samo har tsawon wa'adin da mai kundin ya rubuta, wanda ake kira TTL kuma ake lissafa shi da daƙiƙa: 300 minti biyar ke nan, 3600 sa'a guda, 86400 kwana guda cur. A nan ne ake yawan samun rashin fahimta. Za ka ji an ce an canja adireshi amma "bai gama yaɗuwa ba", kamar wani abu ne ake rabawa gari-gari. A gaskiya babu abin da ke yaɗuwa; tsofaffin amsoshin da 'yan aike suka ajiye ne ake jira wa'adinsu ya cika su koma su tambayo sabuwa.

A da AAAA: adireshin gida

Rikodin A shi ne mafi sauƙi, yana haɗa suna da adireshin IPv4, wato tsohon tsarin lambobin IP. Idan muka ɗauki example.com, sunan da aka keɓe musamman domin ba da misali, rikodin A zai iya cewa www.example.com yana 192.0.2.10. Adireshin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma babbar ma'ajiyarsu ta duniya ta ƙare a Fabrairun 2011, hangen wannan ƙarancin ne ya sa tun kafin nan aka samar da IPv6 mai faɗin gaske, wanda rikodin AAAA ke ɗauka. Suna ɗaya yana iya samun rikodin A da yawa, kuma da haka ne manyan kamfanoni ke rarraba masu ziyara a kan sabobi daban-daban. Irin wannan jerin adiresoshin ne ya zama fanko a Amazon.

A cikin kamfani akwai wani abu da na waje ba ya gani. Yawancin kwamfutocin ofis, da na'urorin buga takardu, da manhajar albashi, suna amfani da adiresoshin cikin gida masu farawa da 10 ko 192.168, waɗanda ba sa aiki a buɗaɗɗen intanet. Saboda haka kamfanoni kan riƙe kundi mai fuska biyu: wanda ya yi tambaya daga cikin ofis ya sami adireshin ciki, wanda ya yi daga waje ya sami na waje ko kuma a ce masa babu wannan sunan. Tsari ne mai kyau domin yana ɓoye fasalin gidan ga baƙo, amma yana nufin kundi biyu ne za a riƙa kula da su, kuma ranar da aka gyara ɗaya aka manta ɗaya, shafi zai buɗe a gida ya ƙi buɗewa a ofis, ko akasin haka.

CNAME: inkiya da haɗarin inkiyar da mai ita ya tashi

Rikodin CNAME ba ya ba da lamba, cewa yake yi wannan suna inkiya ce, ainihin sunan ga shi can. Kamfanin da ya ɗora shagonsa a kan sabobin haya zai rubuta cewa shago.example.com inkiya ce ta wani dogon suna na kamfanin da ya ba shi hayar, ta yadda ko mai hayar ya canja lambobinsa sau goma a rana, shi babu abin da zai taɓa. Sai dai yana da doka mai tsauri: sunan da aka yi wa CNAME ba ya ɗaukar wani rikodi daban, shi ya sa ba a sa shi a kan gundarin domen, inda dole akwai rikodin NS da SOA, waɗanda bayaninsu ke tafe.

Haɗarin da ya fi damuna a nan shi ne inkiyar da aka manta da ita. Sashen talla ya buɗe shafi domin wani gangami na wata uku, aka yi masa CNAME zuwa wurin haya, gangami ya ƙare, aka daina biyan haya, amma babu wanda ya goge layin. Idan wani ya je ya karɓi wannan gurbin da aka saki, to duk abin da ya ɗora a can zai bayyana a ƙarƙashin sunan kamfanin na gaskiya, kuma abokin ciniki da ya duba adireshi da kyau kamar yadda aka koya masa ba zai ga wani abin zargi ba.

NS da SOA: wa ke da hurumin magana?

Rikodin NS shi ne takardar naɗi. Yana faɗin sabobin da aka ba hurumin amsa tambaya a kan wani domen, kuma duk wanda sunansa ke cikin wannan layin, maganarsa ce duniya za ta ɗauka a kan sauran rikodin gaba ɗaya. A Janairun 2025 aka bayyana cewa ɗaya daga cikin rikodin NS na wani reshen sunan Mastercard ya shafe fiye da shekara huɗu da kuskuren harafi guda: maimakon ya ƙare da akam.net, sunan sabobin kamfanin Akamai, sai aka rubuta akam.ne, aka yar da harafin ƙarshe. Ƙarshen .ne kuwa na Jamhuriyar Nijar ne, kuma babu wanda ya mallaki wannan sunan a lokacin. Wani masanin tsaro, Philippe Caturegli, shi ya lura da kuskuren, ya biya kimanin dala 300 ya yi rajistar sunan a Nijar domin kada ya faɗa hannun ɓata-gari, sannan ya ga tambayoyi na kwararowa zuwa sabarsa. Mastercard ya gyara layin, ya kuma ce tsarinsa bai shiga haɗari ba. Abin lura shi ne yadda kuskuren ya daɗe ba a gani ba: sauran sabobin da ke jerin suna amsawa daidai, saboda haka babu abin da ya tsaya balle wani ya bincika.

Abin da ya sami Facebook a 2021 ɗaya gefen matsalar ne. Wani umarni da aka bayar lokacin gyara ya katse hanyoyin da ke haɗa cibiyoyin kamfanin, su kuma sabobinsa na DNS an tsara su ne su janye kansu daga taswirar intanet idan suka kasa jin cibiyoyin, sai suka janye gaba ɗaya. Rikodin NS yana nuna sabobin da babu hanyar isa gare su, kuma kayan aikin da injiniyoyin za su yi gyara da su ma sun dogara da wannan DNS ɗin, har sai da aka tura mutane cibiyoyin da ƙafarsu.

Shi kuwa SOA shi ne shafin farko na kundi. Yana ɗauke da sunan babbar saba, da lambar bugu wadda ake ƙarawa duk lokacin da aka yi gyara domin sabobin da ke riƙe da kwafi su san akwai sabon abu, da kuma tsawon lokacin da ɗan aike zai riƙe amsar "babu wannan sunan". Wanda ya gyara kundi da hannu ya manta bai ƙara lambar bugu ba zai bar sabobinsa suna ba da amsoshi mabambanta.

MX da TXT da PTR: inda amanar wasiƙa take

A ganina nan ne lamarin ya fi shafar mutum na yau da kullum, domin yawancin damfarar da ake yi da sunan banki ko ma'aikata ta imel take zuwa. Rikodin MX yana faɗin sabar da za ta karɓi wasiƙun wani domen, tare da lambar fifiko: mai ƙaramar lamba ake fara gwadawa, wato mai 10 kafin mai 20, idan ta farko ba ta amsa ba a koma ta biyu. Duk wanda ya mallaki suna shi ke rubuta MX ɗinsa, kuma shi ke karɓar duk abin da aka aika can. A Yulin 2023 jaridar Financial Times ta ba da labarin yadda miliyoyin saƙonnin da aka nufa da rundunar sojan Amurka, mai amfani da ƙarshen .mil, suka yi shekaru suna tafiya .ml na ƙasar Mali saboda masu aikawa suna tsallake harafi ɗaya.

Karɓar wasiƙa ke nan. Aikawa kuwa ta fi wuya, domin tsarin imel na asali bai tanadi hanyar tabbatar da cewa wanda ya rubuta sunansa a saman wasiƙa shi ne ya aiko ta ba. Kowa na iya rubuta sunan bankinka. An toshe wannan ɓarakar ne da rikodin TXT, wanda asalinsa fili ne na rubuta kowane irin bayani, aka ɗora masa abubuwa uku.

Na farko SPF, jerin sabobin da mai domen ya yarda su aika wasiƙa da sunansa. Domen ɗaya SPF ɗaya yake ɗauka, kuma ƙa'ida ta iyakance binciken da mai karɓa zai yi wajen tantance shi zuwa goma. Kamfanin da ya yi ta ƙara masu aika masa saƙo, na talla da na rasit da na albashi, yakan wuce wannan iyakar ba tare da ya sani ba, sai wasiƙunsa na gaskiya su fara faɗawa akwatin tarkace. Na biyu DKIM, wanda hatimi ne: sabar kamfani tana buga wa kowace wasiƙa sa hannu na lissafi da makullin sirri, ta ajiye abokin makullin a DNS inda kowa zai iya ɗauka ya gwada, ya tabbatar ba a taɓa wasiƙar a hanya ba. Na uku DMARC, shi ne ke ɗaure biyun farko da sunan da mai karatu ke gani da idonsa, ya kuma faɗa wa mai karɓa abin da zai yi da wasiƙar da ta faɗi jarrabawa: ya ƙyale ta ya kawo rahoto kawai, ko ya killace ta, ko ya ƙi karɓarta sam.

Matakin farko na kawo rahoto an yi shi ne domin kamfani ya gano dukkan masu aikawa da sunansa kafin ya tsaurara, amma da yawa sukan tsaya a nan shekara da shekaru saboda tsoron kada su toshe wasiƙunsu na halal. Tsoron yana da dalili, sai dai wanda ke biyan kuɗin wannan jinkirin shi ne abokin cinikin da saƙon bogi ya iso masa da sunan kamfanin ba tare da wani shamaki ba. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka fara tilasta wa masu aika saƙo da yawa su kafa waɗannan ukun, inda Google ya sa ma'aunin a kan saƙo 5,000 a rana zuwa akwatunan Gmail. Ya kamata kuma a sani cewa DMARC sunanka na ainihi kawai yake karewa. Ɗan damfarar da ya yi rajistar suna mai kama da naka da bambancin harafi ɗaya zai iya kafa nasa SPF da DKIM su fito daidai.

Rikodin PTR yana aiki ne a juye, daga lamba zuwa suna, kuma galibi yana hannun wanda ya ba ka adireshin IP, wato kamfanin da ya haɗa ka da intanet. Sabar imel da lambarta ba ta da PTR mai dacewa da sunanta, manyan masu karɓa kan ɗauke ta a matsayin abar zargi.

SRV: abin da ke buɗe kwamfutar ma'aikaci da safe

Wannan nau'in mai amfani da waya ba ya haɗuwa da shi, amma a cikin banki ko jami'a ko asibiti mai kwamfutoci ɗaruruwa shi ne ƙashin bayan aiki. Rikodin SRV yana amsa tambayar "ina ake yin aiki kaza a wannan gidan?", ya ba da sunan saba, da lambar ƙofar da za a ƙwanƙwasa, da fifiko, da nauyin da za a ɗora wa kowace saba idan suna da yawa. Tsarin Active Directory na Microsoft, wanda ya zo da Windows 2000 kuma ma'aikatu da yawa ke amfani da shi wajen riƙe sunayen ma'aikata da izininsu, a kan SRV ya ginu. Lokacin da ma'aikaciya ta rubuta kalmar sirrinta, kwamfutarta tana tambayar DNS inda sabar tantancewa take, ta nemi hidimar LDAP a ƙofa ta 389 da ta Kerberos a ƙofa ta 88. In babu amsa, kwamfutar ba za ta sami mai tabbatar da ita ba, manyan fayilolin da ake rabawa su ƙi buɗewa, dokokin ofis su daina sauka kan na'urori.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a ƙananan ofisoshi. Intanet ya yi nauyi, sai wani mai ɗan sani ya canja ɗan aiken kwamfutar zuwa 8.8.8.8, shafukan waje su buɗe, kowa ya ji daɗi. Amma sabar Google ba ta san komai game da kundin cikin gidan ba, saboda haka bayan kwana ɗaya ko biyu sai matsalolin shiga su fara, kuma da wuya a danganta su da wancan gyaran. Daidai shi ne kwamfutocin ofis su tambayi sabar cikin gida, ita kuma ta miƙa tambayoyin waje gaba.

Zaɓen sunan cikin gida ma yana da nasa tarkon. Shekaru da dama ma'aikatu sun yi amfani da ƙarshen .local, wanda daga baya a 2013 aka keɓe shi ga wata hanya daban da na'urori ke gano juna a ƙaramar hanyar sadarwa, wasu kuma suka ƙirƙiro ƙarshen da suka ga dama. A 2024 hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunayen intanet, ta keɓe .internal domin amfanin cikin gida, kodayake masana da yawa sun fi son kamfani ya yanki reshe daga domen ɗin da ya mallaka da gaske.

CAA da DNSSEC: kariya da saɓanin da ke kanta

Alamar kwaɗon da wasu manhajojin buɗe shafi ke nunawa a gefen adireshin shafi tana fitowa ne daga takardar shaida da wasu hukumomi ke bayarwa, kuma hanyar da suka fi bi wajen tabbatar da mai nema ita ce su ga yana da iko da domen ɗin. Rikodin CAA yana ba mai domen damar faɗin hukumomin da ya yarda su ba da takarda da sunansa, kuma tun Satumban 2017 wajibi ne hukumomin su duba shi kafin su bayar. Layi ne ɗaya mai sauƙin rubutawa. Amma wanda ya ƙwace asusun da ake gyara kundin da shi zai iya canja A da MX da CAA a zama ɗaya, ya karɓi takardar shaida ta gaskiya ga shafin bogi. Irin wannan harin ne ya sa hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta ba ma'aikatun gwamnatin tarayyar ƙasar umarnin gaggawa a Janairun 2019 da su binciki rikodinsu, su canja kalmomin sirri, su kuma ƙara mataki na biyu na tantancewa a kan asusun DNS.

DNSSEC wata matsala daban yake magancewa, wato a cusa wa ɗan aike amsar ƙarya a hanya, haɗarin da Dan Kaminsky ya nuna girmansa a 2008. Yana ƙara wasu nau'o'in rikodi: RRSIG mai ɗauke da sa hannu, DNSKEY mai ɗauke da makulli, da DS wanda na sama ke ajiyewa domin ya shaidi na ƙasa, a haka har zuwa tushe, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2010. Masu goyon baya suna cewa ba shi da madadi wajen tabbatar da cewa amsa daga mai hurumi ta fito. Masu ɗari-ɗari kuma suna nuna cewa idan sa hannu ya ƙare wa'adi ko makulli ya saɓa da DS, domen ɗin yakan ɓace gaba ɗaya ga duk ɗan aiken da ke tantancewa, kamar yadda ya sami kamfanin Slack, mai manhajar hirar ma'aikata, a ƙarshen Satumban 2021 lokacin da yake ƙoƙarin kafa shi. Ra'ayina shi ne banki da hukumar gwamnati sun cancanci ɗaukar wannan nauyin, matuƙar manhaja ce ke sabunta sa hannun kuma akwai mai sa ido a kanta. Ƙaramin kamfanin da bai ma tsare asusun rajistarsa ba, can ya kamata ya fara.

Abin da ya rage a hannun shugabannin ma'aikata

A ranar 21 ga Oktoban 2016 aka yi wa kamfanin Dyn, mai riƙe wa wasu kundin DNS, ruwan tambayoyin bogi daga dubban kyamarori da ƙananan na'urorin da aka yi wa kutse, sai Twitter da Netflix da Reddit suka gagara samuwa ga mutane da yawa a Amurka da Turai. Tun daga nan ake muhawara a kan ko kamfani ya raba rikodin NS ɗinsa tsakanin masu hidima biyu. Rabawa tana kare shi daga faɗuwar ɗaya, amma tana ƙara kuɗi da wahalar tabbatar da cewa kundin biyu ba su saɓa ba, kuma amsar ta danganta da asarar da sa'a guda ta rufewa za ta jawo.

Ga makaranta ko asibiti ko ƙungiya mai matsakaicin ƙarfi, matsalar da ta fi kusa ba ta kai wannan zurfin ba. Sau da yawa wanda aka ba kwangilar gina shafi shi ke yin rajistar domen da sunansa da imel ɗinsa, ya kammala aiki ya tafi, kuma ma'aikatar ba ta san cewa hurumin sunanta yana hannun wani ba sai ranar da rajista ta ƙare, shafi da imel suka mutu tare, ko ranar da aka sami saɓani da shi. Domen haya ce da ake sabuntawa, kuma wanda ya bari ta kuɓuce, wani na iya karɓa ya rubuta nasa MX ya riƙa karɓar wasiƙun da ake aiko wa tsohon mai ita, har da saƙonnin canja kalmar sirri na wasu asusun.

Shugaban da bai san fasaha ba ma yana iya tambayar abubuwan da suka dace: da sunan wa aka yi rajista, yaushe za ta ƙare, mutum nawa ke iya gyara kundin, shin akwai mataki na biyu kafin a shiga asusun, kuma yaushe aka yi wa layukan bita ɗaya bayan ɗaya aka goge waɗanda aikinsu ya ƙare. Idan kuma za a ƙaura da shafi ko imel zuwa sabuwar saba, sai a rage wa'adin rikodin zuwa daƙiƙa 300 tun kafin ranar, a jira tsohon wa'adin ya cika, sannan a canja adireshin, a bar tsohuwar sabar a kunne har sai an ga tambayoyi sun daina zuwa mata, daga nan a mayar da wa'adin yadda yake.